Tambaya da Amsa: Famfon Ƙauye, Masai da Ruwan da Ke Malala

Tambaya: Assalamu alaikum. An haƙa mana rijiyar burtsatse mai famfon tuƙa-tuƙa. Ba ta cika shekara biyu ba ruwan ya ragu, sai an sha tuƙi kafin ya fito. Ko ƙafewa ta yi? Daga sakataren wani kwamitin ruwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kafin a ɗora wa rijiya laifi, a gwada famfon. A tuƙa har ruwa ya fito, a bar shi ya huta minti 30, sannan a ƙirga tuƙi nawa za a yi kafin ruwa ya sake zubowa. In ya wuce biyar, ruwan da ke cikin bututu yana zurarewa ne: ko bawul ɗin ƙasa, wanda ke hana ruwa komawa rijiya, ya ci, ko mahaɗar bututu tana yoyo. Sai gwaji na biyu: cikakken tuƙi 40 a minti ɗaya, a tara a bokiti. Famfo samfurin Afridev mai lafiya yakan ba da kusan lita 16. In bai kai 10 ba, robar fistin (abin da ke ɗago ruwa a cikin bututu) ce ta sinɗe, a sauya ta.

Samfurin famfon ma abin dubawa ne. An ƙera Afridev ne don mutanen gari su iya zaro sandunansa da hannu su sauya roba, ba tare da an ciro bututu ba. India Mark II kuwa sai makaniki da kayan aikinsa, don dole a ciro bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. A riƙa shafa wa sarƙarsa giris duk wata ana ɗaure notuna. In ruwan safe ya fito ja yana ƙarnin ƙarfe, tsatsa ce ke cin bututun, abin da ke faruwa a ruwa mai tsami. Maganinsa bututun roba da sandunan da ba sa tsatsa.

A ganinmu, rashin asusu ya fi kashe famfo fiye da lalacewar ƙarfe. A tsayar da abin da kowane gida zai bayar a wata, a rubuta a littafi, a karanta lissafi a bainar jama'a, kuma a sayi robobi a ajiye tun famfo na aiki. A sa mata cikin kwamitin, don su ke fara lura idan tuƙi ya canja. Famfo ɗaya kuma kada ya ɗauki fiye da mutum 500.

Tambaya: Wace tazara ya kamata a bari tsakanin masai da rijiya? Daga wata malamar tsafta.

Amsa: Malama, aƙalla mita 30, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa, kuma da damina ake auna wannan, ba da rani ba. A ƙasa mai yashi a gine bakin ramin da bulo don kada ya rufta. Don wari da ƙuda, a kafa bututun iska ya zarce rufi da rabin mita, a ɗaure raga a bakinsa, a bar cikin ɗakin da ɗan duhu. Ƙudan da ke rami yakan bi haske ya hau bututun, raga ta tare shi ya mutu. Yawanci a nan ake kuskure: raga ta yage, ba wanda ya hau ya duba.

Tambaya: Ruwan da ke malala a bakin famfo ya zama taɓo, dabbobi na kwana a wurin. Yaya za mu yi?

Amsa: A gyara daɓen siminti, a toshe duk tsaga, don ta nan ƙazanta ke komawa rijiya. A ja kwata ta kai ruwan nesa zuwa kwamin shayar da dabbobi, rarar kuma ta gangara lambun kayan miya da aka kewaye da shinge. Ƙungiyar mata za ta iya noma shi da rani, a ware wani kaso na cinikin a zuba a asusun gyaran famfo.