Amsoshin Tambayoyinku: Manhajar Manazarta, In Saya ko In Bari?

Assalamu alaikum Malam. Ina aji huɗu a jami'a, na fara rubuta firojet. Wani mai shagon kwamfuta ya ce in kawo kuɗi ya saka mini EndNote, wai ita ke tsara manazarta. Ƙawata kuma ta ce Mendeley ta fi. Wacce zan ɗauka? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki riƙe kuɗinki ki sayi data da su. EndNote ta kamfanin Clarivate ce, tana da kyau, amma lasisinta na gaskiya ya fi ƙarfin aljihun yawancin ɗalibanmu. Wadda ake sakawa a shago da 'yan canji galibi kwafin sata ce, kuma ranar da ta ƙi buɗewa ana jibi za ki miƙa aiki, ba ki da wanda za ki riƙe.

Ni Zotero nake nuna wa ɗalibaina. Kyauta ce, an ƙirƙiro ta a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006. Ki sauke ta a kwamfuta, ki haɗa ta da burauzarki. Duk maƙalar da kika buɗe a intanet, dannawa ɗaya za ki yi ta kwashe sunan marubuci da shekara da sunan mujalla da shafuka ta adana. In kina rubutu a Word sai ki kira madogarar a inda kike so, a ƙarshe ta jero miki manazarta bisa tsarin haruffa. Ko da kin gama da salon rubuta manazarta na APA bugu na 7, wanda ya fito a 2019, mai duba aikinki ya ce sashenku wani salon mai suna MLA yake bi, cikin minti ɗaya za ki sauya duka. Na ga ɗalibar da ta kwana biyu tana wannan gyara da hannu, waƙafi bayan waƙafi, idonta ya yi jawur. Abin ya daɗe yana damuna.

Mendeley ma kyauta ce, kamfanin Elsevier ya saye ta a 2013, kuma ma'ajiyarta ta intanet gigabayit 2 ce, ta Zotero kuwa megabayit 300. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba. Sai dai Zotero tana aiki daram ko babu sabis, ko ba ki buɗe asusu ba, kuma kin san halin sabis ɗinmu.

Hanzari ba gudu ba: manhajar abin da ta tarar take kwashewa. Tsofaffin littattafan da aka buga a Zariya ko Kano, da kundayen digiri na laburare, da hirar da kika yi da wani dattijo, da hannunki za ki shigar da su. Ki riƙa duba sunaye, domin takan ɗauki sunan uba ta mai da shi na farko, kuma wasu shafukan sun riga sun cinye ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, sai ki ga "ƙasa" ta koma "kasa" a taken littafi.

Malam, ChatGPT ya ba ni madogara 12 na saka a jingata. Malaminmu ya ce 5 daga ciki babu su a duniya. Ko don ban biya na kuɗi ba ne? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Ɗan'uwana, ba maganar biya ba ce. Irin wannan manhaja hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya take yi, don haka tana iya haɗa sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske, ta ƙaga taken da ba a taɓa rubutawa ba. Na kuɗin yana iya rage kuskuren, amma bai kawar da shi ba. Ko lauyoyi sun faɗa wannan rami: a 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira.

Ka je wurin malaminka ka faɗi gaskiya, ka nemi izinin sake aikin. Daga yau duk madogarar da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, kada ta shiga takardarka. Ka kwafi taken ka saka a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi. In tana da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, ka gwada ta a shafin doi.org. In za ka nemi ChatGPT ya fayyace maka darasi mai wuya, ka fara sanin abin da dokar sashenku ta ce.

Ranka ya daɗe, maƙalar da nake nema an ce sai na biya da dala. In nemi mai kati ya biya mini? Daga wata ɗalibar aikin jinya a Maiduguri.

A'a, dakata tukuna 'yar'uwa. A Google Scholar, ƙarƙashin sakamakon bincike akan samu inda ake nuna sauran kwafin maƙalar, sau da yawa marubucin ya ajiye na kyauta a rumbun jami'arsa. In babu, ki taka zuwa laburarenku ki tambayi ma'aikaci ko makarantarku ta yi rajista da Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun lafiya. Ki leƙa AJOL ma, inda mujallun Afirka suke, da yawansu a buɗe. In duk ya faskara, galibi adireshin imel na marubucin yana shafin maƙalar. Ki rubuta masa layi uku cikin ladabi, ki faɗi sunanki da makarantarku da taken aikinki, ki roƙi kwafi.