Amsa ga mai tambaya kan babban sikirin na talla a shago

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, ka ce kana so ka saka babban sikirin inci 75 a sabon shagonka na atamfa da shadda don ya riƙa nuna kaya da farashi, kuma an nuna maka irin na kasuwanci amma kuɗinsa ya yi wa tibi mai girmansa nisa sosai, shin ya cancanci kuɗin ko ka ɗauki tibi kawai. Toh bari in ba ka abin da na gani da idona, domin ni gidan abinci nake da shi a nan Kano kuma sai da na sha wuya a kan wannan harka kafin na gane kanta, yanzu guda uku nake da su suna aiki.

Abu na farko dan Allah ka ajiye maganar inci tukuna. Kowa da inci yake farawa, ni ma da shi na fara. Je ka tsaya daidai inda kake son rataye shi wajen ƙarfe uku zuwa huɗu na yamma ka ga yadda haske yake a wurin, wannan shi zai gaya maka irin wanda za ka saya.

Ni kuskuren da na yi, tibi na gida na saya inci 65, mai kyau wallahi, a shagon da na saya kamar ka sa hannu ka ɗauki abin da ke ciki. Na sa aka kafa min shi a bayan gilashin gaba yana kallon titi, kuma ƙofarmu yamma take kallo. Da safe lafiya lau, da daddare ma ba a magana, amma daga azahar zuwa la'asar lokacin da mutane suka fi wucewa, in ka tsaya a waje ba abin da kake gani sai fuskarka da masu adaidaita sahu suna wucewa a bayanka, ya zama madubi kawai. Hoton shinkafa da kaza da na biya aka ɗauka yana can ciki kamar an lulluɓe shi da hazo. Da zafin Afrilu ya shigo sai wata rana yaron shago ya kira ni, na zo na tarar da wani baƙin tabo kamar faɗin faranti a tsakiyar sikirin ɗin, in yamma ta yi ya huce sai ya ɓace, gobe ya dawo. Daga baya mai gyara ya yi min bayani cewa ruwan da ke cikin gilashin LCD, wato irin sikirin ɗin da yawancin tibi suke da shi, in zafi ya wuce masa misali yana daina aiki ya yi baƙi, in aka ci gaba kuma lalacewar takan zauna. Na koma inda na saya, suka ce waranti na amfanin gida ne, ba ya ɗaukar wanda aka saka a wurin kasuwanci yana kwana yana yini a kunne. Ban ji daɗi ba amma da na karanta takardar haka aka rubuta.

Shi haske ana auna shi da abin da ake kira nit, kuma wannan lambar ita za ka fara tambaya kafin farashi. Tibi na gida na yau da kullum yawanci yana tsakanin 250 zuwa 350. Na kasuwanci na cikin shago suna farawa daga 350, akwai 500, akwai 700. Misali a Samsung jerin QB 350 ne, QM 500, QH kuma 700. Wanda aka yi domin bayan gilashi mai kallon rana kuwa wata duniya ce daban, daga 2,500 har 4,000 ake magana, irin OM na Samsung ko XS na LG, kuma an yi gilashinsu ya jure zafin rana. Saboda haka in cikin shago ne can ciki inda ba rana, 350 zai yi maka. In kusa da ƙofa ne ko shagon yana da fitilu masu ƙarfi irin yadda masu yadi ke sakawa, nemi 500 zuwa sama. In kuma titi kake so ya kalla ta gilashi, ko ka sayi mai hasken gaske ko ka haƙura da wurin, tsaka-tsaki asara ce. Ka kuma duba fuskarsa, na kasuwanci da yawa fuskarsu dishi-dishi take ba ta ƙyalli, haska tocilan wayarka a kai yana kashe, in hasken ya dawo maka tar kamar madubi ka san haka fitilun shagonka za su yi masa.

Sai awanni. A takardar bayanin kowanne za ka ga an rubuta 16/7 ko 24/7, wato awa 16 a rana kwana bakwai, ko kuma ba kashewa. Kai da kake buɗewa tara na safe ka rufe tara ko goma na dare, 16/7 ya ishe ka, kada a ɗora maka na 24/7 a kan wannan dalilin kawai, wannan na asibiti ne da otal da filin jirgi. Tibi na gida shi ba a yi shi domin ya yini a kunne kullum da haske a ƙure ba, fitilun bayansa ne suke fara gajiya, sai ka ga gefe ɗaya ya yi duhu ko launin ya koma shuɗi-shuɗi, kuma kai launi ne kasuwancinka, mace ta ga leshi a sikirin ruwan goro ta zo ta tarar da wani abu daban ai ka san magana za ta tashi.

Yanzu ga wanda ba wanda ya gaya min kuma a wurinmu ya fi komai, abin da sikirin yake yi in an ɗauke wuta an dawo da ita. Tibi ɗina na farko in wuta ta dawo ko an juya zuwa janareta sai ya zauna da jar fitilarsa yana jiran rimot, sai yaro ya bar kwastoma ya nemo rimot, ya kunna, ya shiga filash, ya nemo fayil, ya danna maimaitawa, a rana sai a yi haka sau biyar sau shida, ranar da aka yi cunkoso kuma haka zai yini baƙi ƙirin a bango ba wanda ya tuna da shi. Na kasuwanci kana saita shi sau ɗaya, wuta na dawowa zai tashi da kansa ya ci gaba da tallan, yana da agogon kunna kansa da kashe kansa, kuma kana iya kulle maɓallansa da rimot kada yara su mayar maka da shi gidan kallon ƙwallo. Kada ka yarda da baki a kan wannan, a gabanka a saka filash a kunna, ka sa hannu ka zare filogi daga soket, ka ƙirga goma ka mayar, ka naɗe hannu ka ga abin da zai yi. Wasu tibi suna da saitin otal da ke yin kusan haka, shi ma a gwada a gabanka.

Tunda yadi kake sayarwa ina ganin za ka so shi a tsaye, domin mutum sanye da ɗinki tun daga kai har ƙafa a tsaye ya fi fita. Na kasuwanci an yi su a kafa a kwance ko a tsaye, tibi kuwa ƙofofin iskarsa an tsara su ne yana kwance, in ka juya shi zafi yana taruwa a inda bai kamata ba. Kuma ka ɗauki awo, inci 75 kusan santimita 166 ne a 93, in ka tsayar da shi ka ɗaga daga ƙasa ya fi tsayin mutum, a ƙaramin shago yana cika ido har ya gajiyar. Inci 55 kusan 121 ne a 68. Ni da za ka ji tawa, in kwastoma bai wuce mita uku ko huɗu da shi ba, gara 55 ko 65 mai hasken 500 da 75 mai dushewa, ragowar kuɗin ka kai wajen mai ɗaukar hoto na kirki, domin ko sikirin mai kaifin hoto da ake kira 4K ba ya gyara hoton da aka turo ta WhatsApp ya murƙushe.

Wuta kuma a yi lissafi. Nawa na inci 55 ina lissafa masa wat 150, awa 14 a rana, a wata yunit 63 kenan, in kana layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, wanda aka kai naira 225 a yunit a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, kusan dubu 14 ke nan a wata a wancan farashin. Masu hasken taga sun fi haka ci nesa ba kusa ba, in a kan inbata da sola kake to ka tambayi mai haɗa maka tun kafin ka saya. Sitabilaiza da abin kare tsallen wuta kuwa wajibi ne, allon wutar cikinsa ne yake fara ƙonewa kuma samun na canji ba kamar na tibi ba ne da za ka shiga Sabon Gari ka fito da shi, wani sai an aiko daga Legas. Yawancinsu an rubuta su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, mu kuma ka san bazararmu tana wuce 40, saboda haka kada kafinta ya rufe shi ruf a cikin katako don ado, a bar masa wurin shan iska sama da ƙasa, lokacin hunturu kuma a riƙa hure ƙurar bayansa.

Maganar manhaja ba zan ja ta ba. Samsung suna da MagicINFO, LG suna da webOS da SuperSign, kana iya canza farashi daga ofis ta intanet, amma wasu tsare-tsaren ana biyan lasisi, ka tambaya. Shago ɗaya sikirin ɗaya filash ya wadatar, ni da shi na yi shekara guda kafin na ƙara sauran. Ka dai guji irin sikirin ɗin da ake kira OLED a wannan aikin, tambarin shago da ke zaune wuri ɗaya kullum yana iya barin inuwarsa har abada.

In na hannu za ka saya irin waɗanda ake shigowa da su, ba laifi, ɗaya daga cikin nawa haka yake. Ka sa a buɗe maka inda yake nuna awannin da ya yi aiki, ka tafi da filash mai hoton fari zalla da baƙi zalla da ja da kore da shuɗi, a farin za ka ga inuwar tsohon talla da tabon rawaya da ɗigon da ya mutu, a baƙin za ka ga ɗigon da ya maƙale yana haske da hasken da ke zubowa ta gefe. Ka bar shi a kunne ko minti 30 ne ka taɓa bayansa. Sabo kuma ka nemi a rubuta maka shekarun waranti a rasit, na kasuwanci galibi shekara 3 ne, sannan ka tambaya wa zai gyara kuma a wane gari, domin wanda aka shigo da shi ta bayan fage warantinsa yana can ƙasar da aka yi domin ta.

Wajen kafawa, inci 75 yana haura kilo 30, in bangonka bulo ne mai rami ko allon silin aka yi rabe da shi, a sa ƙarfe ko doguwar ƙusa mai ratsawa, ba irin 'yan robobin nan ba, mutum biyu ko uku su ɗaga, kuma kada a kwantar da shi a mota, a tsaye ake ɗaukarsa. In ka ɗauko hoton bangon da ƙarfe huɗu na yamma ka turo, tare da faɗin shagon da inda ƙofa take kallo, zan gaya maka ko 350 zai yi maka ko sai ka hau 500.