Me Ya Sa Ƙwallonka Ke Karkarwa Idan Ya Iso?

Ka ce ƙwallon da ka zana a allon kwamfuta da harshen JavaScript yana tafiya lafiya lau zuwa inda ka danna, amma da ya iso sai ya kama karkarwa, ya ƙi tsayawa, har ka fara zargin kwamfutar. Yarona, ba laifinta ba ne. Abin da ka umarce ta shi take yi.

Kada ka taɓa ko layi guda tukuna. Sa console.log, umarnin da ke nuna maka ƙimar da shirinka yake riƙe da ita, ya riƙa buga maka ragowar tazarar da ke tsakanin ƙwallon da wurin tsayawarsa a kowane zagayen zane. Allonka yana sake zane sau 60 a daƙiƙa, ido ba zai bi wannan ba, amma lambobi za su tsaya ka karanta su a tsanake. Tunda takun da ka ba ƙwallon ɗigo 5 ne na allo (wato pixel), abin da za ka gani bai wuce irin wannan ba: 13, 8, 3, sai -2, sai 3, sai -2, haka har illa masha Allah. Saura ɗigo 3 ya iso, kai kuma ka ce ya taka 5. Ya zarce da 2. Ya juyo, ya sake taka 5, ya koma inda ya baro. Ka rubuta cewa ya tsaya idan tazara ta zama sifili daidai, alhali ƙafarsa ba za ta taɓa sauka a kan sifilin ba.

Maganin layi biyu ne. Kafin kowane taku, auna ragowar tazarar. In ba ta fi takun ba, ɗauke ƙwallon ka ajiye a kan wurin tsayawarsa, ka kashe motsin. Aikin da Vector3.MoveTowards yake yi wa masu amfani da Unity, manhajar gina wasannin kwamfuta, ke nan, amma ina so ka rubuta naka da hannunka, domin wanda bai taɓa gina shi ba ba ya gane ciwonsa. Kuma ka daina gwada daidaito a kan lambobi masu ɓurɓushi. Rubuta 0.1 + 0.2 a JavaScript, za ta ba ka 0.30000000000000004.

Wannan awon zai kare ka daga wata masifar ma. Wajen fitar da alkibla kana raba tazarar x da ta y da tsawon tazarar gaba ɗaya, ko ba haka ba? Ranar da ka danna daidai inda ƙwallon yake, sifili za ka raba da sifili, amsar ta fito NaN, wato "ba lamba ba ce", ƙwallon ya ɓace ɓat ba tare da wani gargaɗi ba.

Saura abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma shi ya fi damuna. Ka ɗaure gudun da zagayen zane. A allo mai sabuntawa sau 144, ƙwallonka zai ninka gudu sau 2.4. Mayar da gudun ɗigo 300 a daƙiƙa, ka ninka shi da lokacin da ya shige tun zanen baya. Umarnin requestAnimationFrame, wanda ke kiran zanenka a kowane zagaye, yana miƙo maka agogon da za ka lissafa lokacin da shi. Sai dai ka sa wa lokacin iyaka, don in mutum ya bar shafin ya dawo, taku ɗaya zai yi tsalle har ƙarshen hanya.

Je ka fara bugo lambobin, ka kawo mini mu duba tare kafin la'asar.