Malam, ka fara tambayar wa ke riƙe da makullin kabad

Wa alaikumus salam. Malam, ƙanena, tambayarka ta tayar mini da tsohon miki. Ka ce an miƙa maka 'yan SS3 saura wata huɗu su zana jarrabawar labarin ƙasa ta WAEC, babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa riƙe taswira a hannu, ba su iya giraf ba, ba a taɓa fita da su fili ba, kuma an ce maka makarantar ba ta da taswira. Wannan ta ƙarshen ce ta sa na ajiye kwanon abinci na ɗauki waya, don ni ma abin da aka faɗa mini ke nan shekarar da na fara koyarwa, kuma ƙarya ce.

Shugaban sashenmu a lokacin wani dattijo ne, ba zan kama suna ba, yana da rai. Akwai wani kabad na ƙarfe a bayan kujerarsa, makullin yana ɗaure a zariyar wandonsa. Da farko ya ce mini babu komai a ciki sai tsofaffin rajista. Masinjan makaranta ne ya ja ni gefe ya ce, "Malam, taswirorin da kake nema suna nan ciki, ni na ɗauko su daga mota da hannuna." Na koma na roƙe shi. Ya ce kayan gwamnati ne, yara za su yaga, in an zo bincike shi za a tambaya. Na ce ya ba ni guda biyar in sa hannu. Ya ce gobe. Gobe ta koma jibi, jibi ta koma bayan hutu. Ranar da na matsa, a gaban malamai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, yaushe ka zo? Mu da muka shekara ashirin a allo muke zana kontuwa, kuma yara suna ci." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Haka na koyar da karatun taswira a allo da alli. In zana da'ira cikin da'ira, wato kontuwa, layukan da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya, in ce wannan tudu ne, su kwafa a littafi. Duk misalan da na ba su da mita na ba su, saboda da mita littafin da nake amfani da shi ya kawo su.

Ranar jarrabawa ina tsaye ƙarƙashin darbejiya ina hango su ta taga. Da aka raba takarda ta uku, na ga yadda suka buɗe taswirar suna jujjuya ta, wani ma ya kifa ta yana duba bayanta. Ka san tambaya ta ɗaya dole ce, maki 25 cikin 70, babu tsallakewa. Akwai wata yarinya, ita ce ta ɗaya a ajin, 'yar mai sayar da itace, wadda ko littafinta ka gani sai ka so ta. Da suka fito ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Malam, ashe da ƙafa ake rubuta tsayin? Sai da aka ce saura minti biyar na ga an rubuta a ƙasan takardar." Wallahi Malam na rasa bakin magana. Ni kaina ban taɓa buɗe irin takardar a gabansu ba, to ta ina za ta san ana karanta gindin taswira? Na ce mata Allah ya ba da sa'a, na shiga ofis na rufe ƙofa.

Da sakamako ya fito, mutumin nan shi ya fara miƙewa a taron malamai. Ya ce matsalar sababbin malaman nan ita ce takarda gare su, aiki babu. Bai kalle ni ba, amma kowa ni ya kalla. Har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Bayan shekara uku aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da makullin, sai da aka kira mai walda. Muka buɗe. Taswirori a naɗe sun fi arba'in, gara ta shiga ta ƙasa ta cinye su, kana ɗagawa suna zuba kamar garin tuwo. Guda shida muka tsira da su. Abin da ya hana yara su yaga, gara ya ajiye wa. An ce in yafe, na ce na yafe, amma mantuwa kam ban yi ba.

To ka ga dalilin da ya sa na ce ka fara da kabad. Ka tambayi masinja da mai gadi da tsohon malamin da ya fi kowa daɗewa, su suka san abin da ke cikin sito. In da gaske babu, ka zaga makarantun da ke kusa, sau da yawa akan samu ragowar na jarrabawar shekarun baya a wurin malamin labarin ƙasa. Guda ɗaya ma ta isa ka yi fotokwafi. Amma a nan ka yi hattara, don na taɓa ƙonewa: mai injin yakan rage girman takarda don ta shiga A4, shi a ganinsa taimakonka ya yi, alhali ya lalata sikelin. Kafin ka bar shagon ka ɗora rula a kan sikelin layi na ƙasa. In taswirar 1:50,000 ce, dole kilomita ɗaya ta ba ka santimita biyu cif. In ba ta ba ka ba, ya sake. Kuma tunda baƙi da fari za ta fito, ka sa yara su bi koguna da fensir shuɗi, tituna da ja. Wannan bin layin kaɗai darasi ne, nan take za ka ga wanda bai bambance rafi da kontuwa ba.

Darasin farko kada ka koyar da komai. Ka raba musu, mutum uku takarda ɗaya, ka ce su karanta maka duk rubutun da ke gefe da ƙasa: sunan takardar, sikeli, tazarar kontuwa, da ƙafa ne ko da mita, ina arewa, me kowace alama take nufi. Tsofaffin takardun safiyo na Najeriya da yawa da ƙafa suke, tazarar ƙafa 50. Ka nuna musu illar abin da lissafin gangara. A ce bambancin tsayi tsakanin wuri biyu ƙafa 250 ne, nisansu a takarda santimita 6, wato mita 3,000 a ƙasa. Wanda ya raba kai tsaye zai samu 1 cikin 12. Wanda ya fara mayar da ƙafa mita, ya ninka da 0.3048, zai samu mita 76 da 'yan kai, amsarsa ta zama kusan 1 cikin 39. Gangara ɗaya, amma na farkon ya mayar da ita hawan dutse. Kuskuren yarinyar nan ke nan, kuma duk shekara sai na ba 'yan ajina labarinta.

Kontuwa kuwa, ka bar allo. Ka samo dutse mai ɗan girma mai tudu da kwari, ka saka a daro. Ka zuba ruwa ya kai gaɓar yatsa ɗaya, yaro ya zagaye bakin ruwan da alli a jikin dutsen. A ƙara gaɓa ɗaya, a sake zagayewa, har ruwa ya kusa rufe shi. Ka zubar da ruwan, ka ce su zo su leƙo ta sama. Ranar da na fara yin wannan, wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu a ajina ba ya ce, "Au! Malam, inda layukan suka matsu nan ne tsaye!" Na shekara ina faɗar wannan magana da baki ba ta shiga ba. In babu dutse, su dunƙule hannu su zana da'irori da biro a kan ƙusoshin yatsu, su buɗe hannun, ga taswira a shimfiɗe. Daga nan sai ka nuna musu cewa inda kontuwa ta yi tsini ta nufi sama, kwari ne, kuma ruwa yana gangarowa ta kishiyar tsinin. Da wannan za su amsa tambayar ina kogi ya nufa ba tare da canki-canka ba.

Wani wurin da suke zubar da maki a banza shi ne rage taswira. An ce a rage ta zuwa rabi, sai yaro ya raba 50,000 biyu ya rubuta 1:25,000. Ka ce masa in takarda ta ƙanƙance lambar girma take yi: rabi 1:100,000, kashi ɗaya cikin uku 1:150,000. Su auna tsawo da faɗi su rage kowanne, su zana firam ɗin da rula, su rubuta sabon sikeli a ƙasa. Kuma kowa ya shiga jarrabawa da zare a aljihu don auna kogi ko titi mai lanƙwasa. Ni har ƙwaryar zaren matata na taɓa kwashewa na yanka musu, muka yi rigima a gida, ta ce ita ba gwamnati ba ce.

Biyarin ma, wato auna inda wuri yake daga wani wuri da digiri, da alƙibla nake fara shi. Kowa a ajin ya san inda yake fuskanta in zai yi salla, amma ka tambaye su digiri nawa ne daga arewa, shiru. Daga Kano kusan 068 ne. Da sun ji haka sai furotirakta, ma'aunin digiri, ta daina ba su tsoro. Daga arewa ake farawa, a bi yadda hannun agogo yake tafiya, a rubuta lamba uku. Kuma ka nanata musu kalmar "daga": wurin da aka ce daga shi, a nan ake kafa furotirakta. Rabin ajina a nan suke juyewa su kawo amsar baya, bambancin digiri 180.

Maganar fita fili, don Allah kada ka jira mota. Wannan ma wani ciwon ne. A waccan makarantar an taɓa karɓar kuɗin yara za a kai su madatsar Tiga, har yau ba a je ba, kuɗin ma ba a gani ba, kuma ni iyaye suka riƙa tarewa a masallaci don ni ne malamin darasin. Tun daga nan na rantse ba na taɓa kuɗin ɗalibi. Ga kuma halin da hanyoyi suke ciki yanzu, wane uba ne zai sa maka hannu? Bakin ƙofar makaranta ya ishe ka. Ka nemi izinin shugaban makaranta a rubuce, a rubuce fa, ka tsayar da su rukuni-rukuni minti talatin su ƙirga abin hawa, kowane biyar su ja layi huɗu su soke da na biyar. A ce sun samu 120: babur 60, a daidaita sahu 30, ƙananan motoci 20, manyan motoci 10. Ku koma aji ku mayar da shi zanen da'ira, digiri 180, 90, 60, 30, su tara su ga ya ba da 360. Da lambobin nan dai su yi zanen sanduna. Yaron da ya ƙirga da idonsa ba ya manta rubuta take da abin da kowane gefe yake nunawa, don ya san me ya ƙirga. Sannan ka tambaye su me ya sa babur ya fi yawa, kuma da ranar kasuwa aka ƙirga me zai canza. Nan za ka ji bakin da ba ka taɓa ji ba.

In kana kusa da tudu, ka yi sa'a. Mutanen Kano ga Dala ga Goron Dutse, na Zariya ga Kufena. Ko daga ƙasa suka tsaya suka zana gefen da ya fi tsaye da wanda ya kwanta, sun fahimci kuros-sekshan, wato zanen tudu kamar an yanka shi ana kallonsa ta gefe, kuma za su gane me ake nufi da cewa wuri kaza ba ya hango wuri kaza saboda tudu ya shiga tsakani.

Giraf ɗin yanayi kuma ka fara da garinsu. Sanduna ruwan sama, layi zafi. Su da kansu za su gaya maka ruwa ya fi yawa a Agusta, zafi ya fi tsanani wajen Afrilu kafin damina ta sauka, sanyi Disamba da Janairu. Sai ka ajiye na Legas kusa da shi su ga ruwan can yana hawa sau biyu, yana ɗan sauka a Agusta, daidai lokacin da mu muke tsakiyar marka. In kuma suka ga layin zafi ya faɗa a Yuni da Yuli ya tashi a Disamba da Janairu, su fara zargin garin yana kudu da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu. Tazarar zafi ta shekara ragewa ce kawai, mafi girma a cire mafi ƙanƙanta, amma sai ka ga yaro ya tara na wata goma sha biyun ya raba.

Na yi tsawo, ku yi haƙuri 'yan uwa, abin ne ya daɗe yana cina. Yarinyar nan ta sake zama NECO ta samu, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, in mun haɗu har ƙasa take gaishe ni, ni kuwa kunyarta nake ji.

Malam, wata huɗu ba kaɗan ba ne in ka ware darasi ɗaya kowane mako na taswira zalla, har da Asabar in za su zo. Cikin guda shidan da gara ta bari, biyu suna wurina har yanzu, na sa an manna musu leda. Ka yi mini magana ta akwatin sirri ka faɗa mini garin da kake, in akwai direban da ke zuwa can sai in ba shi ɗaya ya kawo maka. Ka yi kwafi ka dawo mini da ita, kada ka ba kowa ajiya.