Wayar Talabijin Da Ke Cikin Bango Za Ta Iya Kai Intanet Ɗakin Sama

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na saurari muryarka tun ɗazu, hannuna na kan aiki ne shi ya sa sai yanzu. Ga waɗanda ba su ji ba, Yaya ya ce rautarsa, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana falon ƙasa, waifai ba ya kai ɗakunan sama, ya sayi ripita, na'urar da ke maimaita siginar waifai, ya jona abin bai gyaru ba, kuma ba ya so a fasa masa bango a ja sabuwar waya. Sai ya tambaya ko tsohuwar wayar talabijin da ke kowane ɗaki za ta yi wani amfani.

To Yaya, za ta yi, sosai ma. Wallahi duk lokacin da na ga ana tsinke irin wannan waya ana zubarwa sai raina ya ɓaci, don mutane ba su san abin da ke hannunsu ba. Amma ina roƙonka kada ka sayi komai tukuna sai ka ji ni har ƙarshe.

Ripitar nan da ka saya, ba lalacewa ta yi ba. Haka take. Da rediyo ɗaya take sauraron rauta, da shi kuma take maimaita maka, don haka kusan rabin gudun ya tafi tun kafin ya iso wayar hannunka. Ga siminti da rodi na rufin kankaren da ke tsakanin sama da ƙasa, su ma suna cin nasu. Maganin shi ne intanet ɗin ya hau sama ta cikin waya, sai can ya fito ya zama waifai.

Wayar talabijin ɗin nan ana ce mata koaksiyal. Ka ɗauki bakinta ka duba. Za ka ga tsinken jan ƙarfe guda ɗaya a tsakiya, farar roba ta kewaye shi, sannan takardar alminiyom da saƙar siraran wayoyi kamar gashi, sannan rigar waje. Wannan saƙar ita ke kare sigina daga hayaniyar waje, shi ya sa wayar take ɗaukar kaya mai nauyi ta yi nisa da shi. Ka karanta rubutun jikinta kuma. In ka ga RG6, madalla, ita ake so. In RG59 ce, ta fi siranta, tana zubar da sigina da sauri, amma a tazarar cikin gida sau da yawa tana yi.

Abin da ake amfani da shi sunansa MoCA, wato tsarin tura intanet ta cikin wayar koaksiyal. Ƙungiyar kamfanoni ce ta fito da tsarin tun 2004. Adafta biyu ake saya, kowace ba ta wuce tafin hannu ba. Ta farko tana zama kusa da rauta: wayar LAN, wato wayar intanet da ake jona kwamfuta da rauta da ita, daga rauta ta shiga cikinta, wayar talabijin ta fita daga cikinta zuwa bango. Ta biyu tana ɗakin sama, tana karɓa daga bango ta mayar da shi wayar LAN. Shi ke nan. Wanda ake kira MoCA 2.5 yana kai gigabit 2.5 a kan wayar, kuma jinkirinsa 'yan milisakan ne kawai, kiran bidiyo ba ya yankewa. Adafta har 16 za su iya zama a kan waya ɗaya, sai dai rabon gudun suke yi a tsakaninsu. Ka lura da ramin LAN na jikin adaftar, don wasu an rubuta 2.5 a kwali amma ramin na gigabit 1 ne, to ba za ka wuce wajen megabit 940 ba. Kuma in faɗa maka gaskiya, ba zai ƙara maka gudun da kamfanin intanet ke ba ka ba. Abin da ke isowa falo, shi zai kai maka sama ba tare da ya zube a hanya ba.

Yauwa, yanzu ga inda nake so ka ba ni kunnenka sosai. Kafin komai sai ka san me ke tafiya a cikin wayar nan, kuma ina ƙarshenta yake.

Kowane sigina da zangonsa, kamar tashoshin rediyo. MoCA yana aiki ne daga megahaz 1125 zuwa 1675. Tashoshin eriya da na kebul suna ƙasa da haka, ba sa wuce wajen 1000, don haka suna zama lafiya a waya ɗaya, kowa da layinsa. Amma dish fa? Siginar da ke saukowa daga kan dish zuwa dikoda tana tsakanin 950 da 2150. Ka ga ke nan MoCA a tsakiyar gonar dish yake. In ka haɗa su a waya ɗaya, hoto zai ɗauke, intanet ma ba zai zauna ba. Ƙari a kan haka, dikoda tana tura wuta bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa kan dish. Don haka ka cire dikoda daga soket kafin ka taɓa komai.

In an daina kallon dish ɗin, to ka huta, waya ta zama taka. Sai dai akwai wani abu da mutane ke mantawa. A haɗin dish, galibi kowace waya daga ɗakinta take miƙewa kai tsaye zuwa kan rufi. Wato wayar falo da wayar ɗakin sama ba su taɓa haɗuwa a cikin gida ba, a can jikin dish suke haɗuwa. Sai a kwance su biyun daga kan dish, a haɗa bakinsu da ɗan ƙaramin ƙarfen joni mai zare gefe biyu, a naɗe shi da kyau saboda ruwa. Nan take ka samu waya ɗaya doguwa daga falo har sama, babu kowa a kanta. Don Allah kar ka hau rufin da kanka, ka samu wanda ya saba.

In kuwa har yanzu ana kallon dish, hanya biyu ce. Ko a samu wayar da ba a amfani da ita a ware ta, ko a nemi adaftar da ke aiki a ƙasan zangon dish. Akwai tsarin G.hn na koaksiyal, shi yana ƙasa can, bai wuce megahaz 200 ba. Amma shi kuma ba ya shiri da siginar kebul. Kuma G.hn da MoCA ba sa jin yaren juna, dole adaftocin su zama iri ɗaya.

Ga waɗanda intanet ɗinsu ta kebul yake shigowa gida, ku duba modem ɗinku, na'urar da ke karɓar intanet daga layin kamfani. In mai aiki da tsarin da ake kira DOCSIS 3.1 ce, tana iya hawa har megahaz 1218, ta shiga bakin zangon MoCA. Gara a ba ta tata wayar daban, ko a sa mata filta mai tare siginar MoCA a bayanta.

Sai maganar sifilita, ƙaramin ƙarfen nan mai baki uku ko huɗu da ke raba waya zuwa ɗakuna. Yawancin matsalar da nake cin karo da ita daga nan take. Akwai gidan da na yi wa wannan aiki, adafta biyu sababbi fil, fitilar haɗi, wadda ke nuna adaftocin sun ga juna, ta ƙi kamawa. Muka bi waya har cikin silin, sai ga sifilita ta yi tsatsa, an rubuta 5 zuwa 1000 a jikinta, baki shida, biyu kawai ake amfani da su, sauran huɗun a buɗe. Da na kwance bakin waya ɗaya kuma, sai na ga silin gashi guda na saƙar nan ya lanƙwasa ya taɓa tsinken tsakiya. Gashi ɗaya tak! Muka yanke bakin muka sake ɗaure shi tsaf, muka sa sifilita mai baki biyu wadda aka rubuta 5 zuwa 1675, kafin mu sauko daga tsani fitila ta kama.

Dalili shi ne duk rabawa tana cin ƙarfi. Mai raba biyu tana cin wajen desibel 3.5 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sigina), wato fiye da rabi kaɗan ya tafi a kowane reshe. Mai raba huɗu wajen 7. To ka sa daidai yawan ɗakunan da kake buƙata, bakin da ya rage kuma a toshe shi da ɗan murfin ƙarfen da aka yi don haka, wanda ake kira mai om 75. In ka ga bosta a hanya, mai ƙara ƙarfin siginar talabijin, a cire ta ko a kewaye ta, don yawancinsu ba sa barin MoCA ya wuce.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi: in wayar tana fita daga gidan, ko zuwa layin kamfanin kebul, ko zuwa eriya, ko gida ne na haya da ake raba waya da maƙwabta, dole a ɗaura filtar da ake kira PoE a daidai inda waya ta shigo, kafin sifilita ta farko. Ita ke hana siginarka tsallakawa gidan wani, kuma tana dawo da ita ciki ta ƙara mata ƙarfi. Ka kuma shiga saitin adaftocin ka kunna kalmar sirri.

A ɗakin sama, wayar LAN da ta fito daga adafta sai ka sa ta a tsohuwar rauta in kana da ita. Ka mayar da ita yanayin AP, wato ta zama mai watsa waifai kawai, ko ka kashe mata DHCP, don kar rauta biyu su riƙa rabon adireshi a gida ɗaya. Ka ba ta suna da kalmar sirri irin na ta ƙasa, wayar hannu za ta riƙa komawa wadda ta fi kusa. Ripitar taka ma ka juya bayanta, in tana da ramin LAN, da yawansu suna yin wannan aikin.

Ranar da adaftocin suka iso, kar ka fara da bango. Ka ajiye su biyun a kan tebur, ka haɗa su da 'yar gajeriyar wayar talabijin, ka ba su wuta, ka ga fitilar haɗi ta kama. Daga nan in ka kai su ɗaki ta ƙi, ka san laifin na waya ne ko sifilita, ba na adafta ba.

Yanzu dai abin da nake so, Yaya, ka ɗauko min hoto uku: rubutun jikin wayar, inda wayoyin suka taru ko a silin ko a jikin dish, da bayan rautarka. Ka kuma gaya min ko yara suna kallon dish ɗin har yanzu. Da na gani zan faɗa maka irin adaftar da ta dace da gidanka.