Eriyar Na'urar Nuna Hanya, da Rufin Motar da Na Huda

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa na'urar nuna hanyar da aka kawo maka take nuna titi daidai amma ba ta nuna cunkoson motoci, da kuma ko ƙara mata eriyar mannawa a gilashi zai gyara ta. Da ka tsaya ka saurara ranar da nake yi wa 'yan'uwanka bayani, maimakon latsa waya a bayan shago, da ba ka zo mini da wannan tambaya ba. Zan amsa maka ne kawai domin ka fama mini wani miki da har yau bai warke ba.

Na'urar nan kunne biyu gare ta. Ɗaya yana sauraren taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 ko kusa da haka, kuma sai ta kama aƙalla 4 daga cikinsu kafin ta san inda mota take. Ɗayan kuwa rediyo yake saurare, domin labarin cunkoso gidan rediyon FM ne yake sakaya shi a cikin shirinsa ta tsarin da ake kira TMC, a zangon megahaz 87.5 zuwa 108. Wannan siririyar waya mai robobin mannawa ita ce eriyarsa, kuma a na'urorin Garmin da yawa abin da ke karɓar saƙon yana jikin wayar caja, saboda haka duk wanda ya musanya ta da cajar kasuwa ya toshe kunnen gaba ɗaya.

Ban san haka ba a shekarar da wani Alhaji ya shigo garejina da Peugeot 'yar Kwatano, sabuwar shigowa, da na'urar nuna hanya ƙirar TomTom manne a gilashinta. Ya ce a Faransa ya ga tana nuna wa direba inda hanya ta cushe, kuma yana so ta yi masa haka daga Kwannawa har Kasuwar Sakkwato. Da na kunna ta, ko taurarin ma da ƙyar take kamawa, domin gilashin gaban motar irin mai maganin zafi ne, wanda aka shafa wa ƙarfe siriri a tsakiyarsa, kuma wannan shafe yana tare saƙon rediyo kamar yadda yake tare zafin rana. Wannan na gane shi da kaina, kuma a lokacin ban san wani mai gyaran wutar mota a layinmu da zai gane shi ba. Na aika Kano da kuɗin aljihuna aka sayo eriyar waje, na shaida masa sai an huda rufin motar, ya amsa da bakinsa a gaban yarana biyu. Na sauke silin, na huda, na ja waya ta cikin ginshiƙin ƙofa, na toshe ramin da roba da gam. Taurari suka cika allo, amma labarin cunkoso ko alamarsa babu.

Kwana uku na yi ina sauya eriya, ina gwada caja, na bar motocin mutane a rana. Sai da wani direban da ya zauna a Turai ya faɗa mini cewa babu gidan rediyon da ke watsa wannan saƙo a nan, sannan na gane cewa na yi kwana uku ina gyara wa na'ura kunne domin ta ji maganar da babu mai yin ta. Na gaya wa Alhajin gaskiya, na ce ya biya kuɗin eriya kawai, ladan aikina na yafe. Ya ja motarsa ya ce yaronsa zai kawo. Da damina ta sauka sai ga shi ya dawo da 'yan rakiya, wai rufin yana yoyo, wai kuma bai taɓa ba ni izinin hudawa ba. Ruwan ta robar ƙofa yake shiga, na nuna masa da idonsa, amma da aka zauna a gaban shugabannin ƙungiyarmu sai aka ce in yi haƙuri tunda babban mutum ne. Ni na biya mai walda, na biya mai fenti, kuɗin eriya kuma har gobe ban gan su ba. Har yanzu idan ya gan ni a wurin ɗaurin aure sai ya miƙo mini hannu, ni kuma in karɓa saboda idon jama'a.

Saboda haka ka gaya wa mai na'urar nan tun kafin ka taɓa ta cewa a Sakkwato ba za ta nuna cunkoso ba ko da ya sa mata eriya goma. Wanda Google Maps ke nunawa ta intanet yake zuwa, daga motsin wayoyin da ke cikin motoci. Idan kuma zai tafi da ita ƙasar da ake watsa saƙon, to a miƙe eriyar sosai a gefen gilashi, kada a naɗe ta, domin zangon FM tsawon kusan santimita 75 yake so, a kuma nisanta ta da caja mai arha, wadda hayaniyar lantarkinta ke danne saƙon. In taurari ne ba ta kamawa, ka matsar da ita kusa da ɗigo-ɗigon da ke bayan madubin tsakiya, inda aka saba barin gilashin babu shafe, ko ka ɗora eriya mai mayen ƙarfe a kan rufi, ka shigo da wayar ta robar ƙofa. Yadda ake auna wuta ba zan tsaya koya maka shi a shekararka ta uku ba. Diril kuwa yana cikin akwatina a kulle, kuma ba ya fita domin rufin motar kowa sai mai ita ya biya, ya kuma sa hannu a takarda.