Hukuncin Yi wa 'Ya'ya Mata Allurar Rigakafin Sankarar Bakin Mahaifa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata mai shekara 11 ta dawo daga makaranta da takarda, wai za a yi musu allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa. Babanta ya ce ba da 'yarsa ba, don ya ji cutar ta mazinata ce, kuma allurar tana hana haihuwa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yin wannan allura halal ne, 'yar'uwa, kuma a fahimtata abin so ne, sai dai ban kai shi ga wajibi ba.

Annabi (SAW) ya ce: "Ku nemi magani, ya bayin Allah, domin Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ban da tsufa." Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. In wani ya ce ai yarinyar lafiyarta lau, sai mu tuna masa hadisin Bukhari da Muslim: wanda ya ci dabinon ajwa bakwai da safe, guba da sihiri ba za su cutar da shi ba a ranar. Wannan tare cuta ne tun ba ta zo ba, kuma da shi Shehu Ibn Baz ya kafa hujja kan halaccin rigakafi. Bai kuma saɓa wa tawakkali ba. Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, cewa ya yi daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Maganar maigida ta farko ita ce ta fi damuna. Gaskiya ne ƙwayar cutar, wadda likitoci ke kira HPV, ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Amma ita ƙwaya ba ta tambayar an ɗaura aure ko ba a ɗaura ba. Budurwa kamila za a kai ta ɗakin miji, shi kuwa yana ɗauke da ita bai sani ba, don galibi ba ta nuna alama. Mai yiwuwa daga matarsa ta fari ya samu, ita kuma daga tsohon mijinta, duk ta hanyar halal. A gida mai mata uku ko huɗu, ɗaya ta isa ta kai ga sauran. Sai bayan shekara goma sha biyar ko ashirin baiwar Allah ta fara ganin jini ba na al'ada ba. Don haka jingina cutar ga zina zato ne, wani zaton kuwa zunubi ne. Allurar ba lasisin alfasha ba ce. Tarbiyya na nan a wuyanku.

Batun hana haihuwa kuwa, ban raina tsoron mutane ba, don ba a manta da gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996 ba. Amma hukunci ba ya ginuwa a kan "an ce". Allah ya ce mu tambayi masana in ba mu sani ba. Tun 2006 ake yin allurar a duniya, 'yan matan da aka yi wa da farko sun girma sun hayayyafa, bincike bai nuna tana taɓa haihuwa ba. Sankarar ce ma ke sa a cire mahaifa. Wadda Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023, ga 'yan shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya ce a damtse, babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Tana ba da kariya daga ƙwayar HPV nau'i na 16 da 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara. A 2020 kaɗai mata kusan 8,000 ta kashe a ƙasar nan. Ciwon hannu ko ɗan zazzaɓin kwana ɗaya da allurar kan jawo ba ya tsayawa kusa da wannan, shari'a kuwa tana jure ƙaramar cuta don kauce wa babba.

Sai dai kada ki yi a ɓoye. Uba shi ne waliyyi. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki karanta masa wannan amsa, ku je wurin likitan da ya yarda da addininsa ya yi tambayoyinsa. In yarinyar ta taɓa samun mummunan rashin jituwa da wata allura, a gaya wa ma'aikatan lafiya kafin a yi mata.

Ke kuma da kanki ki je a duba miki bakin mahaifa, don allurar ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga jiki.

Wallahu a'alam.